Gidan Bakin Teku da Ba Ni da Mukullinsa

Ni ne mai laifi a wannan labari. Na fara da faɗin haka ne don na san halina. Idan na bari zance ya yi nisa, zan fara laluben wanda zan raba laifin da shi, ko Baturen da ya sayar mini da abin, ko matar da ke ɗaga waya a kamfaninsu. To babu ruwansu. Ni ne.

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani babban siton kaya da ke gefen titin Wendover a nan Greensboro, muka shiga kanti ni da matata wata ranar Asabar. A bakin ƙofa wata mata mai fara'a ta tare mu da takarda mai hoton teku. Ta ce kwana biyu kyauta a Myrtle Beach, abin da ake so kawai mu zauna mu saurari wani ɗan bayani. Bakano ya ji an ce kyauta, ai kun san sauran.

Muka je. Ɗan bayanin nan ya cinye mana wuni guda. Abin da suke sayarwa shi ne taimshiya. Gida ne a saman wani dogon bene, ɗaki biyu da falo da kicin, da baranda mai kallon ruwa. Amma ba gidan kake saya ba, mako ɗaya kake saya a cikin shekara. Duk shekara wannan makon naka ne, sauran makonnin kuma na wasu mutane ne da har abada ba za ka gan su ba. Matata ta matso kusa da kunnena ta ce, "Maigida, wannan ai watanda ce. Sai dai ita watanda mutum yana komawa gida da namansa a leda."

Na yi dariya, amma hankalina ya riga ya tafi wani wuri. Baturen da ke yi mana bayanin ya ce za a ba ni takardar mallaka da sunana a kai. Ni da tun da na shigo ƙasar nan haya nake biya, ko ƙusa zan kafa a bango sai na yi tunanin mai gida, yau ga wani cikin kwat yana kirana mai gida. Makonnin lokacin zafi sun fi ƙarfin aljihuna, sai ya nemo mini mako a watan Fabrairu, ya ce ai ana iya musanya shi da kowane lokaci. Na sa hannu. Sai da muka wuce rabin hanyar dawowa sannan matata ta tambaye ni ko na taɓa ganin wanda ya je wanka a teku a Fabrairu.

Mun je sau ɗaya. Iska kamar za ta cire wa mutum kunne. Yara suka wuni suna kallon teku ta gilashi, kowa cikin rigar sanyi. Amma na fita baranda na ɗauki hotuna, kuma a hoto ba a ganin sanyi.

Waɗannan hotunan ne na nuna wa mutane a fakin ɗin masallaci, inda ake ajiye motoci, bayan sallar Juma'a. Wani ya ce, "Kai, wannan gidan wa?" Na ce, "Ɗan abin da Allah ya hore ne." A lokacin na gaya wa kaina ban yi ƙarya ba. Ban dai ambaci mako ba. Kafin wata Juma'ar sunana ya koma Landlod. Dattawan da a da sai dai mu gaisa a wuce suka fara tsayar da ni suna neman shawara a kan sayen gida. Ni kuwa ina ba su, ba kunya.

Yanzu sai in gaya muku waye abokina. Mutumin Damagaram ne, yana tuƙa motar raba kaya. Ranar da na sauka a garin nan ban san kowa ba, shi ya ɗauko ni ya kai ni ɗan gidan da yake haya a Glenwood. A kan kujerar falonsa na kwana watanni. Shi ya koya mini shiga bas, shi ya kai ni inda na samu aikin farko, shi ya saya mini rigar sanyi ta farko. Mai masaukina ne, kuma duk wanda ya taɓa zama baƙo ya san nauyin wannan. Ga kuma wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa. Bai taɓa kirana da sunana ba. Daga "bawana" sai "Bakanon banza", ni ma in rama. Idan muka haɗu mutane har matsowa suke don su sha dariya.

A shekarar da nake ba ku labari, matarsa ta haihu, mahaifiyarsa ta zo daga Damagaram don suna, ta zauna wasu watanni. Hajiya tsohuwa ce mai son hira, tana fama da hawan jini da ciwon ƙafa, amma bakinta garau. Ni ma ba ta ƙyale ni ba. Duk sanda na je gaishe ta sai ta ce a ɓoye nama, ɗan Kano ya shigo.

Wata rana da yamma, cikin tsakiyar zafi, abokina ya same ni a ƙofar gidanmu.

"Bawana, yau ubangidanka ne ya zo da buƙata, sai ka miƙe tsaye."

"Faɗi, in ga ko ka cancanta."

"Tsohuwa za ta koma ƙarshen wata. Tun da ta hango ruwa ta tagar jirgi take damuna, wai ita sai ta ga ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Bon, na ce mata ai bawana yana da gida a bakinsa. Ba ni lakile, mukullin nan, na wiken ɗaya, Juma'a zuwa Lahadi."

Ku duba fa, magana ɗaya ce za ta raba ni da duk abin da ya biyo baya. In ce masa, mutumina, mako ɗaya gare ni, shi ma a Fabrairu. Da ya yi mini dariya ya more, da ya ba ni sabon suna na shekara guda, shi ke nan. Amma mutumin da ya ba ni kujerarsa ban tambaya ba, yau karo na farko ya buɗe baki ya roƙe ni abu, kuma ya riga ya faɗa wa mahaifiyarsa. Sai na ji bakina yana cewa, "Haba, wannan ma har sai ka tambaya?"

"To lakilen fa?"

"Ai gidajen can ba a amfani da mukulli. Kati ne. Ka je resabshan ka faɗi sunana, za su ba ka."

"Dakor, na yarda. Ka ga amfanin bawa mai dukiya."

Muka tsayar da ranar Juma'ar da za su tafi. Ya juya mota ya tafi.

Washegari na kira kamfanin in musanya makona. Wata mata ta saurare ni cikin ladabi, ta ce lokacin zafi ne, yara suna hutu, mutane tun bara suke kama waɗannan makonnin. Abin da za ta iya shi ne ta saka ni a layin jira. Idan wani ya fasa zuwa, za su sanar da ni. Na tambaye ta ko ana fasawa. Ta ce yakan faru. Wannan "yakan faru" na riƙe kamar igiya.

Daga ranar ban sake zama wuri ɗaya ba. A wurin aiki ba a yarda da waya a hannu, sai na riƙa ƙirƙiro fitsari don in je in duba saƙo. Na ɗora kaya a motar da ba tasu ba har sufabaiza ya kira ni ya tambaya ko lafiya a gida. Idan na zauna cin abinci sai in tashi in leƙa taga, ban san me nake nema ba. A sallah sai in tsinci kaina a zaune ban san raka'a ta nawa ba ce. Kullum sai na kira kamfanin, har matar ta gane muryata, tun kafin in gama gaisuwa take cewa babu sabon labari. Na yi tunanin in kama musu otel a ɓoye in ce shi ne gidan, sai na tuna abokina ya ga hotunan barandar nan ya fi a ƙirga. Da na duba kuɗin otel ɗin ma a wannan lokaci, sai na rufe wayar.

Matata tana kallona.

"Maigida, ka faɗa masa."

"Gobe. Bari mu ga abin da za su ce gobe."

"Jiya ma haka ka ce. Tsohuwa ce fa za a ɗauka a mota. In ba za ka iya ba, bari in kira matarsa, mu mata mun san yadda za mu yi."

Na daka mata tsawa na ce idan ta kira ban yafe ba. Wannan ma yana cikin laifukana, kuma ita ma na ba ta haƙuri daga baya.

A can Glenwood kuwa shiri ake yi kamar na tafiya Makka. Hajiya da kanta ta zauna ta yi dambun nama. Har ta aiko a tambayi ɗan Kano ko akwai buta a gidan nasa, ko ta tafi da tata. Na ce ta tafi da tata, tawa ta fashe. Ku ji fa. Butar da ba ta taɓa wanzuwa ba, na fasa ta.

Ranar Alhamis bayan la'asar na ɗaura niyya na tafi in faɗa masa. Na shiga layinsu, na hango motarsa a buɗe ana jera kulolin abinci, yara suna tsalle da bokitan wasa na roba. Na wuce ban tsaya ba. Na zagayo, na sake wucewa. A zagaye na gaba ya gan ni ya ɗaga hannu.

"Kai Bakanon banza, ka manta gidan da ka girma ne? Ko kunyar zuwa rakiya hannu biyu kake ji?"

Na fito. Na taya shi ɗaura kujerar jaririya. Na shiga na gaida Hajiya, ta yi ta sa mini albarka. Aka zubo mini tuwo na ci. Na yi musu addu'ar sauka lafiya, na shiga mota na tafi. A hanya ina gaya wa kaina ai saura dare guda, wani zai iya fasawa.

Bayan asuba suka kama hanya. Tafiyar ta kusa awa huɗu. Ana buɗe ofis na kira, matar ta ce babu, kuma yau kam ba za a samu ba. A lokacin ba su fi rabin hanya ba. Ko a nan da na kira shi, da sun juyo. Na riƙe wayar, na nemo lambarsa, na tsaya ina kallonta. Sai na buɗe lokar da muke ajiye kaya a wurin aiki, na jefa wayar ciki na kulle. Ina tsaye a bakin layin kaya ina jin kamar tana ruri a cikin ƙirjina. Ranar ko masallaci ban je ba, na ce wa kaina aiki ya yi yawa.

Da na tashi daga aiki na tarar da kiransa a jere. Saƙo ɗaya ya bari, shi ma gajere: "Mun iso. Na gane."

Abin da ya faru a can daga bakin matarsa matata ta ji. Sun isa da rana tsaka. Ya zaunar da Hajiya a kujerar resabshan da butarta da carbinta, ya je ya faɗi sunana. Aka duba, aka ce lallai akwai wannan suna, amma makonsa a Fabrairu yake. Bai gane ba, sai ma'aikaciyar ta yi masa bayanin taimshiya tun daga tushe, irin bayanin da ya kamata ya ji daga bakina.  Sannan ya dawo ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce mata bututun ruwa ne ya fashe a gidan, ruwa ya malale ko'ina, ba a iya shiga.

Suka zaga neman otel. Inda akwai ɗaki ya fi ƙarfinsa, inda zai iya babu ɗaki. Daga ƙarshe ya kai su bakin ruwan da kowa ke zuwa. Aka riƙe Hajiya ta taka yashi har ruwa ya taɓa ƙafarta, ta ɗiba ta ɗanɗana ta tofar, ta ce ashe da gaske gishiri ne. Suka ci dambu a cikin mota, suka juyo a ranar. Tsohuwa mai ciwon ƙafa ta wuni a naɗe a kujerar mota, zuwa da dawowa. Ƙafafunta suka kumbura, kwanaki tana sallah a zaune.

Na jira ya zo ya zage ni. Na jira labari ya bazu a masallaci. Ba ko ɗaya. Juma'ar da ta biyo baya muka haɗu a fakin, ya miƙo mini hannu biyu ya ce, "Malam, ina wuni? Ya iyali?" Malam. Mutumin da bai taɓa ganina bai ce bawana ba. Ya gaishe ni kamar yadda ake gaida limamin wata unguwa, ya wuce. A gefe guda wani yana ƙwala mini kira, "Landlod! Landlod!" Ban taɓa jin suna ya yi mini nauyi haka ba.

Duk da haka ban je gidansa ba. Ina ta tsara maganar da zan yi, ina rushewa. In ɗauko mukullin mota, in ajiye. Har sai da matata ta dawo daga duba Hajiya ta ajiye mini wani ɗan ƙulli a gabana. Na kwance. Turaren wuta ne, mai kyau, irin wanda tsofaffi ke ɓoyewa a ƙasan akwati.

"Na mene ne?"

"Hajiya ce ta ce a kawo maka. Ta ce tana yi maka jaje. Wai ɗakin da ruwa ya jiƙa yakan yi wari ko bayan ya bushe, idan an gama gyara ka turara shi da wannan."

Ban iya haɗa ido da ita ba. Na tashi na fita.

Na same shi a ƙofar gida yana wanke motar aikinsa. Na yi sallama ya amsa, bai daina wankin ba. Na fara kame-kame, ina maganar layin jira da yadda kamfanin nan suke yaudarar mutane. Ya bar ni na yi ta zuba har na gaji da jin muryata. Sannan ya kashe ruwan.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Ba ɗakin ne ya dame ni ba. Ko a mota ma na kwana a ƙasar nan, ka sani. Da ka ce mini mako ɗaya gare ka, wallahi dariya zan yi maka, in kai ta wani wuri. Abin da ka yi mini daban ne. Tun da na yi wayo ban taɓa duban idon tsohuwar nan na faɗa mata abin da ba shi ba. Ranar nan na yi, don kada ta raina ka. Kuma bai ƙare ba. Kullum da safe sai ta ce, an gyara famfon ɗan Kano? Kullum sai na ƙara wata a kan ta jiya. Jibi za ta hau jirgi da wannan a kunnenta. Ban san ko zan sake ganinta ba."

Na ce, "Ka yi haƙuri."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Tana ciki."

Kafin in gaya muku abin da na ce mata, bari in ɗan tsaya. Taimshiyar nan na rabu da ita daga baya, da ƙyar, don shiga ta fi fita sauƙi nesa ba kusa ba, kuma duk shekarar da kake ciki sai ka biya kuɗin kula da gini ko ka je ko ba ka je ba. Amma ba zan ce muku abin banza ba ne ga kowa. Na san waɗanda suke da shi suna jin daɗinsa, domin sun san abin da suka saya kuma haka suke faɗa. Ni matsalata ba a takardar take ba. Na sayi mako, na dawo gari na sayar wa mutane da labarin gida. A wurinmu kuwa idan ka ce kana da gida, ka buɗe ƙofa ke nan, domin gida na baƙi ne. Wata rana wani zai zo da jakarsa, kuma ba wanda ka yi wa burgar ne zai zo ba, wanda ya fi yarda da kai ne. Ni da abokina mun shirya, amma ya ɗauki lokaci, kuma ban ga laifinsa ba. Har yau idan na tuna ina tsaye gaban lokar nan da waya a hannuna, sai in ji na kasa zama, in tashi in zaga ɗaki.

Na cire takalmi na shiga. Hajiya tana zaune a kan darduma a falo, ta miƙe ƙafafunta a kan matashi, har lokacin ba su gama sacewa ba. Matar abokina tana bakin ƙofar kicin da jaririya a kafaɗa. Shi kuma na ji ya shigo ya tsaya a bayana.

"A'a, ɗan Kano ne? A ɓoye nama. Ya muka ji da ɓarnar ruwa? An gyara?"

Na durƙusa. Wannan karon ban bar bakina ya zaɓa mini magana ba.

"Hajiya, babu bututun da ya fashe. Gidan nan ba nawa ba ne. Mako ɗaya nake da shi a shekara, shi ma a lokacin sanyi. Na san haka ranar da ɗanki ya tambaye ni, na san haka ranar da na ci tuwonki na yi muku addu'ar hanya, na bar ku kuka tafi don kada a ce Landlod ba shi da gida. Kiran da ya yi ta yi mini kuna can, ina sane na ƙi ɗauka. Wahalar hanya da kumburin ƙafarki, ni na jawo. Abin da ya faɗa miki kuma ba halinsa ba ne, ƙaryata ce ya ɗauka ya rufa mini asiri da ita. Don Allah, Hajiya, ki fara yafe masa. In da saura, ni ma ki yafe mini."